Haƙƙin Hantsi: Tarihin Gasar Hasken Rana ta Ɗaliban Zanen Gini

A shekarar 2004 wani kamfanin ƙera tagogi na ƙasar Danmak mai suna VELUX ya buɗe gasa ga ɗalibai masu koyon zanen gine-gine a jami'o'i. Tambaya guda ya ɗora musu: yaya za a shigar da hasken rana cikin ginin gobe ta yadda zai amfani mutumin da ke zaune a ciki? Tun daga lokacin, duk bayan shekara biyu ake sake gasar a ƙarƙashin take guda mai ma'anar hasken gobe, tare da haɗin gwiwar Ƙungiyar Masu Zanen Gini ta Duniya da ke da mazauni a Faris.

Wanda ya tashi a Yamai ko Damagaram ko Garwa, idan ya ji wannan labari, ba mamaki ya yi murmushi. Mu da muke gudun rana daga hantsi har la'asar, muna neman gindin bedi mu fake, me zai sa a tara masana a raba kuɗi saboda ita? Amsar tana cikin tarihi. Hasken da ke shiga ɗaki abu ne da aka taɓa sa wa haraji, aka kai shi gaban alƙali, likitoci suka yi gwagwarmaya a kansa, aka yi watsi da shi na wani zamani, sannan aka dawo ana nemansa ruwa a jallo. Gasar nan ɗiyar wannan tarihi ce. Wanda ya san shi zai gane abin da ake tambayar ɗalibai, zai kuma gane dalilin da ya sa amsar da ta dace da Kopenhagen ba za ta dace da Agadas ba.

Magabata da rana

Kafin lantarki, kowane magini ɗalibin rana ne ko ya so ko ya ƙi. A birnin Rum akwai ginin Pantheon da aka kammala wajen shekarar 125, zamanin sarki Hadrian. Faɗin ƙubbarsa mita 43 ne, kuma babu taga ko ɗaya a bangonsa, sai rami guda a tsakar ƙubbar mai faɗin kusan mita 9. Hasken da ke saukowa ta nan yana zagaya bango daga safe zuwa yamma kamar hannun agogo. A Istambul kuwa, ginin Aya Sofiya da aka gama a 537 yana da tagogi 40 a jere a gindin ƙubbarsa, abin da ke sa mai kallo daga ƙasa ya ga kamar ƙubbar a kan haske take zaune.

Wani maginin Rumawa mai suna Vitruvius, wanda ya rayu gab da haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya bar littafi a kan gini. A ciki ya shawarci a sa ɗakin kwana da na littattafai su fuskanci gabas. Ya kuma yi gargaɗin cewa gidan ƙasar sanyi daban, na ƙasar zafi daban: na farko a rufe shi ya fuskanci ɗumi, na biyu a buɗe shi ga iska ya ba rana baya. Mai karatu ya riƙe wannan gargaɗi, za mu sake cin karo da shi.

Shekaru dubu bayan haka, Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir. Ya yi gwaji da ɗaki mai duhu da ƴar ƙofa a bango, ya tabbatar cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma daga abin da ake kallo yake shiga ido. Duk lissafin da ɗalibi ke yi yau a kwamfuta na inda haske zai faɗa a cikin ɗaki, a kan wannan tubali aka ɗora shi.

Ranar da aka sa wa taga haraji

A 1696, zamanin sarki William na Uku, gwamnatin Ingila ta rasa kuɗi, sai ta ɓullo da harajin taga. Dabarar mai sauƙi ce: mai kuɗi gidansa babba ne, babban gida tagoginsa da yawa, kuma mai karɓar haraji zai iya ƙirga su daga titi ba tare da ya shiga gida ba. Gidan da tagoginsa suka kai goma sai a ƙara masa kuɗi. Faransa ta kwaikwayi tsarin a 1798, ta haɗa har da ƙofofi, ba ta soke shi ba sai a 1926.

Abin da ya biyo baya ba wuyar hasashe. Masu gidaje suka shiga toshe tagogi da bulo. Har yau akwai tsofaffin gidaje a Ingila da za ka ga siffar taga a bango amma a liƙe. Attajiri ya biya ya sha iskarsa. Wanda abin ya faɗa wa shi ne talaka ɗan haya a birni, domin babban gidan da aka yanyanka ɗaki-ɗaki ana lissafa shi gida ɗaya ne, mai gidan kuwa ba shi ne ke kwana a cikin duhun ba. Ga kuma wani harajin dabam a kan gilashi kansa, wanda sai a 1845 aka janye. Likitoci da marubuta, ciki har da Charles Dickens, suka yi ta suka, har aka soke harajin taga a 1851.

A wannan shekarar ce kuma Joseph Paxton, wanda asalinsa mai kula da lambu ne, ya kafa wani katafaren zauren baje koli a Landan da ƙarfe da gilasai kusan 300,000. Ƙasar da jiya take toshe taga, yau ta gina fada da gilashi zalla.

Kotu ma ta shigo maganar. Wata dokar Ingila ta 1832 ta ce tagar da ta shekara 20 tana samun haske ba yankewa, mai ita ya mallaki wannan haske, kuma zai iya kai ƙarar maƙwabcin da ya ɗaga bango ya tare shi. Hausawa na yi wa hantsi kirari da leƙa gidan kowa. A biranen masana'antu na Turai sai da aka rubuta doka kafin ya leƙa gidan wasu.

Likitoci sun karɓi tuta

A ƙarni na 19 mutane suka kwararo daga ƙauyuka zuwa biranen masana'antu. Lunguna matsattsu, benaye a manne, hayaƙin kwal ya rufe sama. Yara suka riƙa tashi da wani ciwo da ke sa ƙashi laushi, ƙafafu su lanƙwashe su zama gwame ko baka. Ciwon ya yi yawa a Ingila har maƙwabta suka sa masa suna ciwon Ingilishi. Tun 1822 wani likitan Polan, Sniadecki, ya lura cewa yaran cikin birnin Warsaw sun fi na ƙauye kamuwa, ya danganta abin da rashin rana. A 1890 Theobald Palm ya kwatanta ƙasashe, ya ga yaran ƙasashe masu rana, duk da talauci, ba kasafai suke kamuwa ba. A 1919 Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Berlin da fitila mai irin hasken rana. Daga baya aka gano sirrin: fatar mutum na haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta.

A 1877 masu bincike biyu a Ingila, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana na kashe ƙwayoyin cuta. Florence Nightingale, uwar aikin jinya na zamani, ta dage cewa majinyaci na buƙatar haske bayan iska mai kyau. A Kopenhagen kuwa, likita Niels Finsen ya buɗe cibiyar magani da haske a 1896, ya riƙa warkar da wani nau'in tarin fuka mai cin fata, ya karɓi kyautar Nobel a 1903.

Masu zanen gini suka ji kiran. A Amsterdam, Jan Duiker ya gina makaranta a 1930 wadda bangonta kusan duk gilashi ne, da barandar karatu a sarari. A Finlan, Alvar Aalto da matarsa Aino suka kammala asibitin masu tarin fuka na Paimio a 1933, da dogayen barandu inda ake fito da majinyata su sha rana. Kafin a samu maganin tarin fuka na allura da ƙwaya, ginin kansa shi ne maganin.

Inuwar bene

A Amurka rigimar ta ɗauki wani salo. A 1915 aka gama wani dogon bene mai suna Equitable a birnin Niyok, hawa kusan 40, a miƙe tun daga bakin titi har sama. Inuwarsa ta rufe maƙwabta, ofisoshinsu suka yi duhu, kuɗin hayarsu ya faɗi. Shekara guda bayan haka, a 1916, birnin ya kafa dokar tsara gine-gine wadda ta tilasta wa bene ya riƙa ja da baya yayin da yake hawa, domin haske ya kai titi. Siffar nan ta matakala da ake gani a tsofaffin benayen Niyok, doka ce ta sassaƙa ta.

A 1933 manyan masu zanen gini na zamani suka yi taro a kan makomar birane, wanda Le Corbusier ya wallafa sakamakonsa a 1943 da sunan Yarjejeniyar Atina. Cikin abin da suka nema akwai cewa kowane gida ya samu rana aƙalla awa biyu ko a ranar da ta fi gajarta a shekara.

Injiniyan da ya huda rufi

Yanzu mu koma Danmak, inda gasar ta fito. A tsakiyar hunturu, yinin Kopenhagen awa 7 ne kacal, kuma yawancinsa gajimare. A tsakiyar bazararsu kuma yinin kan haura awa 17. Mutanen da suka sha dogon duhu irin wannan ba sa wasa da rana.

Villum Kann Rasmussen injiniya ne da aka haifa a 1909 a wani ɗan tsibiri mai suna Mando. Ya kafa kamfaninsa a Kopenhagen a 1941, lokacin sojojin Jamus na mamaye da ƙasar, kayan gini sun yi wuya, sabon gini ya zama sai wane da wane. Gidajen can suna da rufi mai tsini saboda ƙanƙara, a ƙarƙashinsa kuma akwai fili mai duhu da ake jibge tarkace. Aka nemi a mayar da irin wannan fili na wasu makarantu ya zama azuzuwa. Rasmussen ya ƙera tagar da ake dasawa a jikin rufin kansa, mai buɗuwa, wadda ruwa ba ya bi ta gefenta. Da yake sama take kallo, ta fi tagar bango mai girmanta kawo haske. A 1942 ya yi mata rajista da suna VELUX: haruffa biyun farko daga kalmar Turawa ta shigar iska, ukun ƙarshe kalmar Latin ce mai nufin haske.

Mai karatu ya lura, daga aji aka fara. Rasmussen ya rasu a 1993, bayan ya kafa gidauniyoyi da ke cin kaso mai yawa na ribar kamfanin suna zuba shi a bincike da ayyukan jama'a. Daga cikinsu ne aka fara ba da wata kyauta ta hasken rana ga ƙwararru, wadda Jørn Utzon, mai zanen shahararren gidan waƙe-waƙe na Sidni, ya karɓa a 1980.

Zamanin da aka manta

Sai dai a daidai lokacin da Rasmussen ke huda rufi, duniya ta kama wata hanya. Ƙwan lantarki na Edison ya fito tun 1879. Willis Carrier ya haɗa na'urar sanyaya iska ta farko a 1902 domin wata maɗaba'a. A 1938 aka fara sayar da dogon ƙwan nan mai farin haske, mai ƙarancin cin wuta. A 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya sanar da dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza, abin da ya sa manyan faifan gilashi suka yi araha.

Da waɗannan suka haɗu, sai mai zane ya ga ba ya buƙatar tambayar ina gabas take. Ana iya gina bene mai faɗin gaske wanda tsakiyarsa ba ta taɓa ganin rana, a kunna fitila dare da rana, a hura sanyi da inji. Bangon waje ya zama gilashi daga ƙasa har sama, amma ma'aikacin da ke tsakiya a ƙarƙashin ƙwai yake yini, wanda ke bakin gilashin kuma ya ja labule saboda ƙyalli. A Amurka har makarantu aka gina marasa taga a shekarun 1960 da 1970, da hujjar cewa taga na ɗauke hankalin yaro. Akwatin gilashi ya zama alamar ci gaba, aka kwafe shi daga Niyok zuwa kowace nahiya, aka manta da gargaɗin Vitruvius.

Idan kiɗa ya canza

A 1973 rikicin Gabas ta Tsakiya ya sa farashin gangar mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin ƴan watanni. Danmak, wadda kusan duk makamashinta man waje ne a lokacin, sai da ta hana tuƙa mota ranar Lahadi. Aka fara tambaya: me ya sa ake ƙona mai domin kunna fitila da tsakar rana?

Binciken lafiya ya ƙara wa tambayar nauyi. A 1984 Roger Ulrich ya duba bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyata iri ɗaya a wani asibitin Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, sun kuma fi su ƙarancin neman maganin ciwo mai ƙarfi. A 2002 David Berson da abokan aikinsa suka tabbatar da wasu ƙwayoyin halitta a cikin ido waɗanda babban aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa gari ya waye ko dare ya yi. Su ke saita agogon jiki, mai tsara barci da farkawa. A 2017 aka ba masana uku kyautar Nobel a kan yadda wannan agogo ke aiki.

Ga lissafin da ya tayar da hankali. Ana auna haske da ma'aunin da ake kira luks. Rana tsaka a sarari takan kai luks 100,000. Yinin gajimare ma yakan ba da wajen 10,000. Ofis mai fitila kuwa 300 zuwa 500 ne. Mutumin ƙasashen masana'antu yana cinye kusan kashi 90 cikin 100 na rayuwarsa a cikin gini. Wato jikinsa na yini cikin wani abu mai kama da magariba. A 2018 Turai ta fitar da ma'auni na bai ɗaya a kan hasken rana cikin gini, wanda ya nemi rabin ɗaki ya samu luks 300 na tsawon rabin sa'o'in yini.

Yadda gasar take

A tsakiyar wannan farkawa aka haifi gasar ɗalibai ta 2004. Ɗalibi na iya shiga shi kaɗai ko cikin ƙungiya, amma dole wani malaminsa ya tsaya masa. Alƙalai, waɗanda ƙwararrun masu zane ne daga ƙasashe dabam-dabam, suna duba ayyukan ba tare da sanin sunan mai su ba. Jimillar kyautar yuro 30,000 ce, wato sefa miliyan 19 da ɗoriya, kuma malamai ma suna da nasu kason. Ba a wajabta wa kowa amfani da tagar kamfanin ba.

Jerin waɗanda suka yi nasara ya nuna yadda gasar ta faɗaɗa. Ta farko ɗalibin Oslo ne na Norwe ya ɗauka. A 2006 ta tafi Danmak, a 2008 jami'ar Cornell ta Amurka, a 2010 jami'ar Hanyang ta Koriya ta Kudu. A 2012 ɗalibai biyu na babbar makarantar fasaha ta Zurich suka yi nasara da tunanin ƙauyen da zaftarewar ƙasa ta binne: a kafa sanduna masu ratsa haske a inda gidajen suke, su kai rana cikin ɗakunan da ke ƙarƙashin ƙasa, su zama abin tunawa. A 2014 ɗaliban jami'ar Tsinghua suka ci da aikin da ya duba matsattsun lungunan tsohon birnin Bejin, ya haɗa haske da kalandar manoman Sin mai zango 24.

A 2016 aka sake fasali. Aka raba gasar gida biyu, hasken rana a cikin gini da kuma bincike a kan hasken rana. Aka raba duniya shiyya biyar: Yammacin Turai, Gabashin Turai da Gabas ta Tsakiya, nahiyoyin Amurka, Asiya da Oshiniya, sai Afirka. Kowace shiyya ta fitar da gwanayenta, suka je suka kare aikinsu baki da baki a babban bikin zanen gini na duniya a Berlin a 2016 da Amsterdam a 2018.

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da ke sayar da taga yana da riba idan masu zanen gobe suka tashi da son haske, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Amma ware wa Afirka shiyya ya buɗe ƙofar wata tambaya da tagar rufi ba ta da amsarta.

Inda rana ta yi yawa

Yamai na samun rana sama da awa 3,000 a shekara, Kopenhagen ba ta cika 2,000 ba. A can, haske da ɗumi abokan juna ne, duk maraba ake yi da su. A nan, haske na zuwa da zafi a goye. Gilashi na barin rana ta shiga, ya hana zafinta fita. Ko a Landan, a 2013, wani bene mai lanƙwasasshen bangon gilashi ya tattara rana ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a titi. To, ina ga Sahel a watan Afrilu?

Hassan Fathy na Masar, wanda ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da tubalin laka a shekarun 1940, ya yi wa matsalar kyakkyawar fahimta. Ya ce tagar Turai aiki uku take yi lokaci guda: haske, iska da leƙen waje. A ƙasar zafi dole a raba ayyukan. Iska ta shigo ta hasumiyar da ke kama ta daga sama, haske ya shigo ta ƙananan ƙofofi can ƙoli, leƙe kuma ta sassaƙaƙƙen katakon nan da Larabawa ke kira mashrabiyya, mai tace rana kamar rariya. Wani ɗan Danmak ma, Henning Larsen, da aka ba shi zanen ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya a Riyad, wadda aka gama a 1984, ya ajiye al'adar garinsu ya yi bango mai kauri da ƙananan tagogi da tsakar gida. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1989.

Misalin da ya fi kusa da ɗalibi shi ne na Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso. Yana yaro ya yi karatu a ajin siminti mai zafi da duhu. Yana ɗalibi a Berlin, bai ko kammala ba, ya tara gudummawa ya gina wa ƙauyensu makaranta a 2001: bangon tubalin ƙasa, silin na tubali mai ƙofofin iska, kwano a ɗage can sama ya zarce bango ya yi masa inuwa, tagogi masu marfin da ke shigar da haske ya tare rana. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shekarar da aka fara gasar da muke magana. A ɗakin karatun da ya zana daga baya, tukwanen ƙasa aka yanka aka dasa a rufi, haske na sauka ta bakinsu. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, kyauta mafi girma a wannan fage.

A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin laka ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa, aka gama a 2018. A kasuwar garin kuma ta kafa faya-fayan ƙarfe masu launi a sama, suna yi wa ƴan kasuwa aikin itace.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin rabin wannan ilimi. Bango mai kauri, ƴar taga can sama kusa da azara, zaure mai sanyi da ke hutar da ido tsakanin ƙyallin titi da cikin gida, tsakar gida da rumfa inda ake yawancin aikin yini. Sai dai a faɗi gaskiya, ɗakin da ya yi sanyi sau da yawa ya yi duhu, iska ba ta ratsa shi, kuma tarin fuka da sanƙarau na son cunkoso a irin wannan wuri. Da bulo da kwano suka zo, sai aka yi asarar sanyin ba a samu hasken ba. Kowa ya san ajin da ake rufe tagoginsa na ƙarfe saboda rana da ƙura, yara na ƙyafta ido suna neman abin da ke kan allo da ƙarfe sha biyun rana, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki. Ashe mu ma muna da matsalar hasken rana. Tamu ita ce duhu a tsakiyar rana.

Kammalawa

Bayan gobarar da ta cinye yara a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, magana ta ƙarfafa a kan maye gurbin dubban irin waɗannan azuzuwa da gini mai ɗorewa. Kowane aji da za a gina, wani ne zai yanke shawarar ina zai fuskanta, ina tagarsa za ta zauna, nawa rufinsa zai zarce bango. Shawarar ba ta ƙara kuɗin siminti, amma yara za su zauna da sakamakonta shekaru masu yawa.

Masu yanke ta gobe suna zaune yanzu a sashen zanen gini na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da jami'ar Kwame Nkrumah a Kumasi, da makarantar zanen gini da tsara birane ta Lome wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta. Ƙofar gasar a buɗe take gare su. Wanda ya shiga da kwafin akwatin gilashi ya tuna kayan aro ba ya rufe katara, kuma alƙalan sun ga dubunsa. Wanda ya je da aji guda na ƙauyensu, ya auna haskensa da safe da azahar, ya nuna yadda yaro zai ga allo ba tare da ya jiƙe da gumi ba, ya kai musu abin da Kopenhagen ba ta da shi, ya kuma bar wa gida abin amfani ko bai ci ko sisi ba.

Allah Ya ba mu masu zanen da za su san darajar rana da ta inuwa baki ɗaya.